Injin faskaren da na haɗa wa Gwaggo

Gwaggona tana dafa waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Aboabo ta Kumasi, tukwane uku kullum, duk da itace. Masu faskare da gatari sun yi tsada, shi ya sa na ɗaura niyyar haɗa mata injin faskare a shagonmu na Suame Magazin, unguwar kanikawa.

Da farko na ɗora silinda, wato bututun da mai ke tura sandar ƙarfe daga cikinsa ta matse itace, mai faɗin inci 5 da na samu a wurin masu tsofaffin ƙarafa, ina ganin girma shi ne ƙarfi. Ƙarfin kuwa akwai: a matsin mai na psi 3000 (psi ma'aunin matsi ne) tana tura kusan tan 27. Amma famfona galan 11 yake bayarwa a minti, kuma cika wannan ciki har sanda ta fita inci 24 yana cin daƙiƙa 11. Gwaggo ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Ɗana, kafin wannan ya isa itacen ai ruwana ya tafasa."

Maganarta ta zauna min a rai. Na sauke silindar na sa mai inci 4. Ƙarfi ya koma wajen tan 17, tafiya ta koma daƙiƙa 7. Darbejiya da kasiyar da ake kawo mata ba su taɓa tsayar da ita ba, sai dai gungume mai ƙulli, shi ma in an juya shi yana tsagewa.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar banza. Gumagumanta ba su wuce inci 16 ba, sanda kuwa sai ta koma gida gaba ɗaya kafin bawul, mai sarrafa tafiyar mai, ya saki hannunsa. Sai na sa aka yanko min zobba na alminiyam, masu rabewa biyu, na ɗaure su a jikin sandar, tsawon inci 6. Yanzu in tana komawa, zoben ya dafa bakin silinda, matsi ya tashi, hannun bawul ya faɗo tsakiya da kansa. Daƙiƙa uku ke nan na ceto a kowace tafiya, je ka dawo.

Alminiyam na zaɓa don kada ya karce sandar. Karce ɗaya ya isa ya cinye robar baki, mai ya fara ɗiga. Walda kuwa ban yarda ta kusanci wurin ba.

Zobban suna kwancewa da sifana. Ranar da aka kawo dogon itace, yaron Gwaggo ya cire su da kansa, ya gama aiki ya mayar.