Gawayin ɓuntu a murhun mai ƙosai

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na zaɓi yin bincike kan mayar da ɓuntun shinkafa gawayi. Duk wanda ya bi ta Kura ya ga tulinsa a bayan injinan casa, wani ma wuta ake cinna masa don a rabu da shi. Ga shi kuma bayan cire tallafin fetur a 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma girki da gawayi, gawayin nan kuwa bishiya ake sarewa a yi shi.

Aikin ba wuya. A zuba ɓuntu a durom, a ƙona shi da ƙarancin iska har ya yi baƙi, a daka, a kwaɓa da sitacin rogo, a matse a bututun ƙarfe, a shanya. A ɗakin gwaji ya tafasa min ruwa, malamina ya yaba, ni kuma kai ya fara kumbura.

Sai na ɗebi rabin buhu na kai wa wata dattijuwa mai ƙosai a unguwarmu. Washegari da asuba na je jin labari.

"Ɗan nan, ƙasa ka kawo min ko gawayi?"

"Inna, bai ci ba ne?"

"Ya ci, bayan na yi fifita har hannuna ya sage. Dubi murhun."

Toka ce fal, ta toshe ƙofar iska, man suya ya huce. Na san ɓuntu na da yawan silika, wato sinadarin da ke cikin yashi wanda ba ya ƙonewa, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, har na rubuta haka a babi na biyu. Amma ban taɓa tunanin abin da zai yi wa mai layin yara a gabanta ba.

Mako uku na yi ina zama kusa da kaskonta. Farfesa ba shi da wannan lokacin, kuma da shi ne, da kunya ta hana ta faɗa masa gaskiya. Ni kuwa zagina take yi kai tsaye. Ita ta ce in huda tsakiyar curin, na kuma gauraya da ɓawon gyaɗa. Tokar ta ragu, wuta ta riƙa kamawa da wuri.

Farashi ne ya rage. Sitaci ya ci kuɗi, nawa ya zo daidai da na daji. Ta ce ranar da ya fi araha, in kawo mata buhu biyu.