Rigar Lauya da Zanen Goyo

Ofishinmu yana birnin Kano, mu uku ne, dukanmu mata masu 'ya'ya, kuma aikin da muka fi gogewa a kai shi ne rabon gado da rubuta yarjejeniyar cinikin fili da gida. Na buɗe shi ne bayan haihuwata ta biyu, domin a wurin da nake aiki a da an ɗauki goyo tamkar wani laifi. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai haihuwa hutun makonni 12, da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa, amma ranar da kotu ta tsayar ba ta san jego ba, ƙarfe tara alƙali zai zauna ko an kwana ana jinyar yaro.

Karatun na yi shi a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, hannu kuwa ya faɗa ne a wurin wata babbar lauya da ta sha dawo mini da takarda da jan biro saboda iyakar fili guda da ban bayyana ba. Ita ce ta koya mini cewa kafin a raba dukiyar mamaci sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an cika wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a zo kan tumunin matar da mijinta ya bar 'ya'ya da sudusin mahaifiya. Irin wannan lissafi har yau bayan sallar isha'i nake yin sa, ina zaune a kan tabarma, autana yana barci a cinyata, kuma ba na sa hannu sai na maimaita shi da asuba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu zama a gindin bishiya a ƙofar kotu suna rubuta wa mutane yarjejeniya a kan kuɗi kaɗan, ba tare da sun je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, sun bincika asalin filin ba. Idan rigima ta tashi sai a garzayo wurinmu, a kuma fara ciniki: “Barista, ai shafi biyu ne kawai.” Wani dattijo ma ya dubi yarinyata tana aikin gida na makaranta a kusurwar ofis, ya ce, “Hajiya, mai raino za ta iya tsayuwa gaban alƙali kuwa?” Na tuna masa cewa Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, sannan na nuna masa inda takardar da ya zo da ita ta tsallake magada biyu.

A tsarinmu, idan ɗan wata ya kwana da zazzaɓi, wata ce ke ɗaukar fayil ɗin ta tsaya a madadinta, shi ya sa kowace shari'a mu ukun muke karanta ta tun daga shafin farko.