Tafiyar asuba da na fara bayan Yaya ya kwanta

Wata Talata ce cikin sanyin Janairu. Yaya yana alwalar Asuba a tsakar gidanmu na Unguwar Rogo a Jos, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Da na kira shi ya juyo, sai na ga bakinsa ya karkace, magana tana fita a dagule kamar harshe ya yi masa nauyi. Haka muka wuni muna shafa masa man zafi, wasu na cewa iska ce, sai bayan La'asar muka kai shi asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa, kuma maganin narkar da shi cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayarwa. Mun riga mun makara, abin da har yau yake ci mini rai.

A bakin gadonsa wata nas ta ce, "Malam, kai ma miƙo hannunka." Awon hawan jini ya nuna 162 bisa 100, wato jinina ya hau. Shekarata 47, ban taɓa jin ko jiri ba. Ni tela ne a wajen kasuwar Taminus, a zaune nake daga ƙarfe takwas har bayan Magariba, keken ɗinkin ma na lantarki ne, ƙafa ba ta aikin komai. Keke Napep ke kai ni, shi ke maido ni.

Likitan ya zaunar da ni. Ya ce a wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda ya fito a 2018, hawan jini ne ya zo kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, rashin motsa jiki ma yana ciki. Jini mai ƙarfi yana dukan bangon jijiya dare da rana har ta yi tauri, ƙarshe ta toshe ko ta fashe. Motsa jiki yana sassauta jijiyoyin, ya rage sukari da kitse a jini. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla minti 150 take so a mako, wato rabin awa sau biyar. Ya ba ni magani, ya kuma ba ni ma'auni: in yi saurin da zan iya gaisawa da mutum amma ba zan iya rera karatu ba.

Tsoro ya sa na fara da gaggawa. Na bi samari gudu a filin wasa na Rwang Pam, kwana uku gwiwata ta kumbura, na yi mako biyu ina ɗingishi. Daga nan na koma tafiya zalla. Ina idar da sallar Asuba sai in ja hular sanyi in bi titin Bauchi, minti goma sha biyar zuwa, sha biyar dawowa. Jos garin tudu ce, hawa kaɗan ya isa ya sa ka haki. Da farko maƙwabta kan tsayar da abin hawa su ce, "Malam, shigo mana, ko lafiya?" Yanzu biyu daga cikinsu tare muke fita. A watan Agusta, idan ruwa ya hana ni da safe, sai in tako daga shago zuwa gida da yamma.

Babban kuskurena ya zo ne bayan wata biyar. Awo ya sauka zuwa 134 bisa 84, tumbi ya ragu, ina barci sosai. Sai na ce ai na warke, na ajiye magani ban gaya wa kowa ba. Mako uku aka sake gwada ni, ya koma 158 bisa 98, alhali ban fasa tafiya ko rana ɗaya ba. Likita bai ɗaga murya ba, amma ya ce, "Malam, tafiya kan rage maki biyar zuwa takwas ne a lambar sama. Sauran aikin magani ne yake yi. Kana so ka kwanta kusa da yayanka?" Tun ranar ban sake tsallake ƙwaya ɗaya ba. Uwargida kuma ta rage gishiri da dunƙule a miya, don an ce mana gishirin yini bai kamata ya kai giram biyar ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Yaya ya tashi, amma da sanda, hannun dama kuma bai dawo daidai ba. Masu gashin ƙashi sun ce shi ma tafiya ce za ta taimaka wajen kare shi daga karo na biyu. Don haka duk Juma'a da yamma nakan riƙe shi mu fita layi muna ƙirga turakun wuta. Da muka fara, a na biyu yake neman wurin zama. Makon jiya ya kai na tara, ya tsaya ya share gumi, ya ce, "Ƙanena, mu ƙara ɗaya."