Rabin mili ga kowane kilo

Tawa, Talata da dare

Tun ƙarfe takwas na safe muna ƙarƙashin rumfar wata likitar karkara da ke arewa da gari: masu rabon magani goma sha biyu, da majo, da ungozomomi biyu. Kwalabe na kan tabarma, sikeli na rataye a reshen dogon yaro, sandar awon tsawo na jingine da bango. Aikin yinin shi ne yadda ake haɗa siron azitromisin, a auna shi, a bai wa yaro ba tare da an cuce shi ba.

Ba a kai ga buɗe kwalba ko ɗaya ba, dattijuwar cikin ungozomomin ta gyara zama ta ce, "Malama, yaron da ba ya ciwo, don mi za a ɗura mishi magani?" Na ce, "Inna, kin kama zancen daga tushe." Muka ajiye kwalaben, aka fara da amsarta.

Mutanenmu sun san azitromisin da sunan maganin amadari, ciwon idon nan da ke karkato gashin ido ciki. A Habasha ne masu bincike suka lura cewa a ƙauyukan da ake rabonsa saboda ido, yara sun rage mutuwa, suka buga wannan a 2009. Daga nan aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar an yi shi a Boboye da Loga, cikin jihar Doso. Duk wata shida ana bai wa yara daga wata 1 zuwa wata 59 sha ɗaya tak, wasu ƙauyuka maganin gaske, wasu siro mai kama da shi amma ba magani a ciki, kuma ƙuri'a ce ke raba su. Sakamakon ya fito a 2018: mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku haɗe, a Nijar kuwa da kashi 18.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara cikin taka-tsantsan. Ta ce a taƙaita rabon ga jarirai na wata 1 zuwa 11, kuma sai a inda mutuwar jarirai ta wuce 60 cikin 1000, ko ta ƴan ƙasa da shekara biyar ta wuce 80 cikin 1000. Dalilinta a fili yake: kaɗan ka raba, kaɗan ƙwayoyin cuta za su saba da maganin.

Shin taƙaitawar tana aiki? Wannan ne gwajin AVENIR ya bincika, nan gida, a jihohin Doso da Tawa, daga ƙarshen 2020 zuwa tsakiyar 2023, da haɗin gwiwar masu bincikenmu da na jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko. Ƙauyuka 3000, yara 382,586. An kasa ƙauyukan gida uku: inda duk ƴan ƙasa da shekara biyar suka sha, inda jarirai kaɗai suka sha, da inda ba wanda ya sha na gaske. A watan Agustan 2024 mujallar New England Journal of Medicine ta buga abin da aka gano. Inda kowa ya sha, yara 11.9 ne ke mutuwa cikin 1000 a shekara, inda ba a sha ba 13.9, wato ragin kashi 14 cikin 100. Inda aka bai wa jarirai kaɗai, mutuwarsu ta tsaya kan 22.3, ta waɗanda ba su sha ba 23.9. Wannan tazarar ba ta kai wadda masana lissafi za su amince cewa aikin magani ce ba.

Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai jinjiri ba ya zuwa ko'ina. Ƴan uwanshi ne ke kawo mishi." Ita ma fassarar da masu binciken suka fi karkata gare ta ke nan. Yayar da ke goya shi, wan da ya dawo daga wasa da majina ya sa masa yatsa a baki, su ne hanyar cutar. In ka wanke jaririn ka bar gidan, gobe ta dawo. Ni a ganina wannan ne darasin AVENIR mafi nauyi, kuma duk mai tsara rabo da ya ce zai tsimi kuɗi ta hanyar cire manyan yaran, to ya san abin da yake cirewa.

Biyu cikin dubu, wani zai ce kaɗan ne. Ya lissafa yaran jihar Tawa, ya ninka, sannan mu yi magana. Da aka bi iyayen yaran da suka rasu a gwajin MORDOR na Doso ana tambayarsu yadda ciwon ya kasance, an ga raguwar a mutuwar zazzaɓin cizon sauro, da atuni, da sanƙarau, da ciwon haƙarƙari.

Bayan azahar aka koma kan tabarma. Kwalbar da muke aiki da ita tana ɗauke da garin miligiram 1200. A fara bubbuga ta a tafin hannu har garin ya saki, don zafi kan sa ya dunƙule a gindi. Sannan a zuba ruwa mai tsabta mili 15 daidai, a auna da sirinji, ba da ido ba. A rufe, a girgiza sosai. Abin da zai fito mili 30 ne, kowane mili biyar na da miligiram 200. Ƙa'idar sha ita ce miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, wanda a aikace ya zama rabin mili ga kowane kilo. Yaro mai kilo 8, mili 4. Mai kilo 12, mili 6. Kwalba ɗaya ke nan ba ta wuce yara biyar ko shida in sun ɗan tasa.

Na sa kowa ya haɗa tasa. Cikin goma sha biyu, uku sun cika ruwan har wuya, suna ganin kwalbar da ba ta cika ba kamar an tauye ta. Aka jera su kusa da ta daidai, kowa ya ga yadda ta yi tsululu. Irin wannan siron yaro zai sha milin da aka rubuta, amma maganin da ya shiga cikinsa bai kai ba, kuma rabin magani shi ne abin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Kuskure na biyu shi ne manta girgizawa tsakanin yaro da yaro. Garin yana kwantawa, sai na farko ya sha ruwa-ruwa, na ƙarshe ya sha kauri.

Sikeli ma yana da nasa tarkon. A rataya wandon awo tukuna, a mayar da allura kan sifiri, sannan a sa yaro. A karanta ido na daidai da allura, bayan yaron ya daina lilo. Wanda ya iya tsayuwa, sandar awon tsawo ta ishe shi a gane milin da zai sha: ba takalmi, ba hula, diddige a ƙasa, ƙasar kuma ta zama shimfiɗaɗɗiya.

Wurin bayarwa na fi daɗewa, don nan ne rai yake. Wata mata da ta kawo ɗanta awo ta yarda muka nuna da ruwa zalla. Yaron ɗan wata tara, a zaune kan cinyarta, kansa a ɗage kaɗan, hannunta ɗaya ya kewaye ƙirjinsa. Bakin sirinji ya shiga ta gefen kunci, ba tsakiyar harshe ba, ana turawa kaɗan kaɗan ana jiran ya haɗiye. Ya yamutsa fuska, ya lashe leɓe, ya miƙo hannu yana son kama sirinjin. Haka ake so. Ba a kwantar da yaro, ba a toshe masa hanci, ba a matse masa kumatu irin ɗurin gida. In yana kuka yana fizge-fizge, a bar shi ya huce. In ya ƙi, a rubuta ya ƙi. Yaro kan shaƙe, kuma ba wani lissafin yawan waɗanda aka bai wa da ya kai ran yaro ɗaya.

Jaririn da bai cika wata ɗaya ba, ba a ba shi. Wannan jinsin maganin na iya sa ƙofar tumbinsa ta ƙuntata, ya riƙa feso amai bayan kowane shan nono har sai an yi masa aiki. A duba karnen haihuwa. In babu, a tambayi ranar suna, a ƙirga da ranakun kasuwa. Kuma a gaya wa uwa tun kafin ta tashi cewa ɗan zawo ko ciwon ciki na iya biyowa, in ya yi tsanani ta zo likita.

Majo ne ya taso da zancen da ba a son ji. Ya ce, "Malama, ki faɗa musu kuɗin abin." Gaskiya ne, akwai abin da ake biya. A gwajin MORDOR na Doso, bayan shekara biyu, kashi 12.3 cikin 100 na ƙwayar numokok, mai jawo ciwon haƙarƙari, da aka ɗebo daga hancin yara ta daina jin maganin a ƙauyukan da suka sha, alhali a sauran kashi 2.9 ne. A cikin hanjin yara kuma alamomin wannan bijirewa sun ninka kamar sau bakwai bayan shekara uku zuwa huɗu. Shi ya sa OMS ta ɗaura rabon da sharaɗin a riƙa sa ido. Ba ko'ina ne ma ake ganin ribar ba: a Mali da Burkina Faso an haɗa azitromisin da maganin rigakafin zazzaɓin damina, sakamakon 2019 bai nuna raguwar mutuwa ko kwanciya asibiti ba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne labarin ya isa kasuwa a gurguje, a ce an gano maganin da ke hana yara mutuwa, uwa ta saya wurin mai tallan magani a faranti duk lokacin da jikin ɗanta ya yi ɗumi. Abin da aka gwada daban ne: sha ɗaya, awo daidai, duk wata shida, dukan ƙauyen a lokaci guda, da masu ɗibar majina da kashi suna kai wa ɗakin bincike. Na roƙi masu rabon su faɗi haka a kowace ƙofa, da a gaban maigari.

La'asar sakaliya muka sake gwajin haɗawa. Mutum ɗaya ya sake wuce mili 15 da kaɗan, ya gani da kansa, ya ajiye ya ɗauki wata. Inna ta nemi a ba ta sirinji ɗaya ta tafi da shi gida, ta ce za ta koya wa kishiyoyin unguwarsu gefen kunci kafin ranar rabo. Majo ya rubuta a littafin kaya, ya miƙa mata.