Darussan da na koya a ɗinkin bargon ƙyalle da gashin biskit a Damagaram

Yawancin matan da ke zuwa wurina koyon ɗinkin bargon ƙyalle suna ɗaukar aikin a matsayin sana'ar Turawa, domin a waya suka fara ganinsa, an shimfiɗa shi bisa gadajen mutanen Amurka. Gaskiya ne fasalolin da ke yawo a intanet galibinsu daga can suka fito, amma tushen dabarar, wato a harhaɗa ƙyallaye a sama, a sa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta tattare wuri guda, ya daɗe a ƙasar Damagaram. Haka ake ɗinka lifidi, kuma da shi mahayan zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, suke kare jikinsu da na dawakansu daga kibiya. Nakan fara da wannan bayani a ranar farko, saboda na lura cewa macen da ta san aikin yana da asali a garinsu ba ta jin nauyin sauya fasalin da aka ba ta, alhali wadda ta ɗauke shi kayan aro takan yi ta kwaikwayon hoto ko da bai dace da ɗakinta ba.

Babban abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne kowane fasali yana da ɓangaren da ba a taɓawa da ɓangaren da ya wajaba a taɓa, kuma aikin malama shi ne ta nuna wa ɗalibarta yadda za ta rarrabe su da kanta. Abin da ba a taɓawa shi ne awo. Fasalolin Amurka da inci ake rubuta su, kuma suna barin rubu'in inci, kimanin milimita 6, a kowane baki domin abin da ɗinki zai ci. Mu da muke aiki da santimita mun fi samun sauƙi idan muka bar milimita 7,5, ta yadda murabba'in da ake so ya fito santimita 10 za a yanke shi santimita 11,5. Katifar mutum biyu da aka fi sani a nan tana da faɗin santimita 140 da tsawon 190, saboda haka bargon da zai rufe ta har ya ɗan sauko gefe yana bukatar kamar 180 bisa 210. Idan aka zaɓi fasalin da ake haɗa ƙyallaye murabba'i tara, uku bisa uku, su zama babban murabba'i guda da muke kira gida, gida ɗaya zai zama santimita 30, za a jera gida 6 a faɗi da 7 a tsawo, gida 42 ke nan, ƙyalle 378. Idan kowane ƙyalle ya gaza da milimita 2 kacal, kafin a kai ƙarshen layi mai ƙyalle 18 an yi asarar kusan santimita 4, kuma layi na gaba ba zai haɗu da shi ba. Kamar jerin tubali ne, karkatar da ido bai gani ba a ƙasa ita ce ke bayyana idan gini ya kai kafaɗa. Shi ya sa ba na barin kowa ta hau keke sai ta iya yanka ƙyallaye goma da za a ɗora su bisa juna bakinsu ya daidaita.

Duk abin da ya rage bayan awo, na mai ɗinki ne da mai gado. Atamfa ita ce ta fara tilasta mini fahimtar haka. Yadin da ake yi wa waɗancan fasaloli yakan zo da ƙananan furanni ko launi guda, ita kuwa atamfa zanenta manya ne, tsuntsu guda ko fure guda yana iya cika tafin hannu biyu, idan aka yayyanka ta ƙanana sai zanen ya watse, bargon ya fito da hayaniyar launi wadda ido ba ya samun wurin hutawa a cikinta. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce in faɗaɗa ƙyallen tsakiya ya kai santimita 20 ko fiye don zanen ya fito cikakke, in kewaye shi da yadi marar zane. Haka kuma na gane cewa abin da ke fitar da fasali shi ne bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi. Ja da kore masu duhu ɗaya idan aka jera su, daga ƙofar ɗaki ba a rarrabe su, amma shuɗi mai duhu kusa da shuɗi mai haske yana fitowa sarai. Nakan sa ɗalibai su shimfiɗa ƙyallayen bisa tabarma, su ɗauki hoto da waya, su mai da shi baƙi da fari, nan take su ga inda fasalin ya ɓace.

Yanayin garin ma yana da tasa magana. Sanyin hunturu a Zinder yana da ƙarfi daga Disamba zuwa Janairu, amma ba ya daɗewa, kuma da ƙura yake zuwa, saboda haka farin yadi mai yawa wahala ce ga mai shi, ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi jimrewa. Ga kuma matsalar ruwa, wadda duk mazaunin garin nan ya san ta. Bargo mai kaurin auduga idan ya jiƙe, mace ɗaya ba ta iya matse shi, kuma ruwan da zai sha kafin ya ɗauraye ya isa wankin yara na yini guda. Don haka na daina sa auduga mai kauri, na koma sa tsohon zane mai laushi ninki biyu ko siririn bargo a tsakiya, abin da ke ba da ɗumi daidai da sanyinmu kuma ya bushe a rana guda. Ƙyallayen da muke samu wurin teloli da ƴan yadi na Kasuwar Dole kuwa, dole a wanke su kafin a yanka, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, wasu launukan kuma suna zuba. Ba na haɗa shadda mai ƙarfi da yadin roba mai santsi a gida ɗaya, don ba sa jan zare daidai, kuma dutsen gugar da shadda ke so yana ƙona na robar.

Akwai masu zuwa da bukatar a sa musu dagi irin wanda ke bangon tsofaffin gidajen Birni, kuma bukata ce da nake jin daɗinta ƙwarai, sai dai dagi lanƙwasa ne, ba ya haɗuwa da madaidaicin ɗinki. Yadda ake yinsa shi ne a yanka siririn yadi a karkace don ya yarda ya tanƙwaru, a ɗora shi bisa zanen da aka yi da alli, a bi shi da allura da hannu. Aiki ne mai cin lokaci, ban cika ba sabuwar ɗaliba shi ba.

Koyarwa ta fi ɗinkin kansa wuya. A aji guda za a sami yarinyar da ta gama lakwal tana lissafi a ka, da matar aure da ta yi shekaru tana ɗinka kayan yara amma ba ta saba da tef ba, da dattijuwar da idonta ya fi tef ɗin daidai ko da yake ba ta karanta lamba. Idan aka dogara da lambobi kaɗai, ta farkon ce kawai za ta ci gaba. Saboda haka nake yanka wa kowacce kwali daidai girman ƙyallen da rarar ɗinkinsa, in kuma manna alama bisa farantin keke inda bakin yadi zai riƙa bi, ta yadda awon zai koma hannu da ido. Wadda ke son lissafin ina koya mata shi daga baya, kuma ina matsa wa matasa su koye shi, domin wadda ta iya lissafin ita ce za ta iya karɓar aikin gadon da bai yi daidai da kwalin malama ba, ko ta rage fasalin babban gado ya zama na jariri don ranar suna.

Gyaran kuskure shi ma yana da ladabinsa. Ba zai yiwu in tsaya gaban jama'a in ce wa sa'ar mahaifiyata ta warware ɗinkinta ba. Nakan zauna kusa da ita in ce, “Inna, ki duba mini nan, kamar kusurwar nan ba ta sadu da ƴar'uwarta ba,” sai ta karɓa ta duba, galibi ita da kanta za ta ce, “Malama, miƙo mini reza.” Na kuma koyi bambanta karkatar da za ta ɓata bargo da wadda ba ta da illa. Matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin tufafin aiki ba tare da bin madaidaicin layi ba, kuma a 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York. Ina nuna wa ɗalibaina hotunansu don su ga cewa layi yana iya karkacewa da gangan ya yi kyau, muddin ɗinkin yana da ƙarfi kuma bargon yana kwanciya shar bisa gado.

Biskit ɗin karin kumallo da nake gasawa ina sayarwa, daga ajin ɗinkin nan ya samo asali. Da hantsi muke farawa, bayan mata sun sallami yara sun gama aikin safe, kuma da dama cikinsu kan zo ba su karya ba, kafin azahar hannu ya fara rawa, yanka ya fara kaucewa. Fanke da ƙosai suna da daɗi, amma mansu yana bin yatsu ya ɓata yadi, shi ya sa na nemi abin da za a ci a bushe kuma ya riƙe ciki. Girke-girken da na samu duk da hatsin oat aka gina su, wanda a nan sai a kanti cikin gwangwani da tsada, alhali ga gero ana auna shi da tiya a kowace kasuwa. Sai dai garin gero ba shi da danƙon da alkama ke da shi, idan aka gasa shi shi kaɗai marmashewa yake yi, don haka a nan ma akwai gwargwadon da ba a wasa da shi. Abin da ya zauna mini shi ne kofi 2 na garin gero, kofi 1 na fulawa, kofi 1 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kofi 1 na dabinon da aka jiƙa aka daka, ƙwai 2, ɗan gishiri, ƙaramin cokali na hodar da ke sa kwaɓi ya tashi, da riɗi a barbaɗa a sama. Ƙwan da gyaɗar da dabinon su ne ke riƙe garin. Wadda ta so tana iya ƙara citta ko kanumfari, ko ta sa garin aya a madadin wani kashi na geron, amma idan ta rage masu riƙon, gari za ta kwashe daga tukunya.

Mai tanda ta zamani za ta gasa a zafin digiri 180 na minti 12 zuwa 15. Mafi yawanmu da tukunya muke yi: a zuba yashi mai tsabta a gindinta, a ɗora faranti bisa yashin, a rufe, a sa garwashi kaɗan a ƙasa da wani bisa murfi. Garin gero yana saurin yin ɗaci bayan niƙa saboda man da ke cikinsa, don haka a niƙa daidai bukata, kuma ɗan soya geron sama-sama kafin a kai inji yana ƙara masa ƙamshi da daɗewa. Gyaɗa kuwa sai an zauna an tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta motse, domin irin wannan tana ɗauke da guba mai cutar da hanta wadda zafin gashi ba ya kawar da ita.

Ina yin hattara da kiran biskit ɗin nan mai gina jiki a gaban masu saye. Gero yana da sinadarin ƙarfe, har akwai iri mai suna Chakti da aka fitar a Nijar a 2018 wanda ya fi sauran yawansa, kuma haɗa hatsi da gyaɗa da ƙwai ya fi hatsi shi kaɗai amfani ga jiki. Amma zaƙin dabino sukari ne, kuma ina gaya wa duk mai ciwon sukari haka kafin ta miƙa hannu, ko da zan rasa ciniki.

Abin da har yanzu nake fama da shi tare da ɗalibaina shi ne sa kuɗi. Mace takan lissafa zare da shafi, ta manta da kwanakin da ta yi tana yanka da guga, domin ta saba ganin ƙyalle abin zubarwa ne kuma lokacinta ba abin sayarwa ba ne. Ga barguna ƴan kanti da na gwanjo cike da kasuwa a farashin da aikin hannu ba zai iya sauka ya tarar ba. Saboda haka nake sa kowacce ta rubuta, ko ta sa a rubuta mata, awannin da bargo ya ci tun daga wankin yadi har zuwa kalmasa baki, kuma nake ba su shawara su nemi masu sayen da ke son abin da kanti ba shi da shi: uwar da ke haɗa wa ƴarta kayan ɗaki tana son launin ya dace da labule, ko iyalan da suka kawo zannuwan kakarsu suna son a haɗa musu su wuri guda. Irin waɗannan sukan biya ba tare da dogon ciniki ba, kuma akan karɓi rabin kuɗin tun kafin a sa almakashi a yadi.