Gary Coleman, yaron da aka hana girma

Lokacin da nake firamare, gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu na Tudun Wadan Zariya, gidan wani ma'aikacin jami'a da muke kira Baba Malam. Baƙi da fari ce, mai ƙofar katako da ake zugewa. In an yi sa'a akwai wuta bayan Magariba, sai mu cika tabarmar falonsa, dogaye a baya. A nan na fara ganin Arnold.

Sunansa na gaskiya Gary Coleman, shirin kuma Diff'rent Strokes, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1978 aka rufe a 1986. Yara biyu ne baƙar fata 'yan unguwar Harlem, Arnold da wansa Willis. Mahaifiyarsu ta rasu, sai attajirin Baturen da take yi wa aikatau, Mista Drummond, ya ɗauke su riƙo. Turancinmu bai kai ya kamo barkwancin ba, balle na Amurka da ake haɗiye rabinsa. Amma da zarar Arnold ya kumbura kumatu, ya turo baki, ya harari wansa ya tambaye shi me yake faɗa ne haka, sai falo ya kaure da dariya. Zancen riƙo kuwa namu ne, don da yawanmu da ke kan tabarmar nan a hannun kawu ko gwaggo muke.

Inna, matar gidan, ita ta fara lura. Wata rana tana tsaye bakin ƙofa ta ce wa mijinta, "Malam, yaron nan anya lafiyarsa ƙalau? Wansa sai tsawo yake yi, shi ko taƙi bai ƙara ba." Gaskiyarta. Ciwon ƙoda ne da shi tun yana ƙarami. An yi masa dashe a 1973, aka sake a 1984, daga baya ya koma kan wankin ƙoda. Ciwon da magungunan su suka tsayar da girmansa a santimita 142. An haife shi a 1968, wato lokacin da aka rufe shirin saurayi ne ɗan shekara 18, amma har ranar ƙarshe a matsayin yaro yake fitowa.

Kuɗi kam sun shigo. An ruwaito cewa a ganiyarsa dala 100,000 ake biyansa kowane kashi. A 1989 ya maka iyayen da suka raine shi da mai ba shi shawara kan dukiya a kotu, a 1993 aka yanke a biya shi kusan dala miliyan 1.3. Zuwa 1999 ya bayyana wa kotu cewa ya karye. Har aikin gadi ya yi, masu ɗaukar hoto suna bin sa kamar an ga baƙon tsuntsu a kasuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fitowar da yake yi ta baƙunta a shirye-shiryen barkwanci na wasu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a YouTube, kuma iri biyu ne. Na farkon, kamar na The Jeffersons da Good Times a 1978, yaro ne mai kaifin baki da ke ƙure manyan 'yan wasa, ya san daidai lokacin da zai yi shiru kafin ya saki magana. Wannan baiwa ce, ba ƙanƙantar jiki ba ce ta ba shi. Na bayan kuwa, yawanci ba gwanintarsa ake gayyata ba, tsohon Arnold ake nema. A kashin ƙarshe na The Fresh Prince of Bel-Air a 1996, ya shigo tare da Conrad Bain, wato Mista Drummond, a matsayin masu duba gidan da za a sayar. 'Yan kallo suka ɓarke da sowa tun bai buɗe baki ba. Na ji daɗin ganinsu tare, ba zan ɓoye ba, amma mutumin yana da shekara 28 a lokacin, kuma jimlar nan ta ƙuruciya ita kowa ke jira. A 1999 masu shirin katun na The Simpsons suka sa shi ya ba da muryarsa a matsayin kansa, yana gadi a kamfanin kayan wasan yara. Wannan kam ban iya dariyarsa ba. Abin da ya same shi a zahiri ne aka mayar wasa, shi kuma ya karɓa don yana bukatar aikin. Ya sha nuna cewa ya gaji da mutane su tare shi a hanya su ce sai ya maimaita musu tambayar nan da yake yi wa Willis.

A 2003 ya tsaya takarar gwamnan Kalifoniya, ya zo na 8 cikin 'yan takara 135. Wanda ya ci shi ma Arnold ne, Schwarzenegger.

Ina tuna shi duk lokacin da na ga yaran da ake ɗauka a bidiyon barkwanci na Hausa a TikTok da Facebook. Kwanakin baya a wani shagon cajin waya a Sabon Gari, na tarar da matasa sun yi cincirindo kan bidiyon wani yaro da bai fi shekara bakwai ba, an koya masa baƙar magana yana zazzaga wa wani dattijo. Na tambayi mai shagon, "Ɗan'uwa, kuɗin da bidiyon nan ke kawowa, wa ke ajiye wa yaron?" Ya ce, "Wallahi Alhaji, sai dai mai wayar." A Kalifoniya akwai dokar kare kuɗin yara 'yan wasa tun 1939, wadda ake kira da sunan Jackie Coogan, wani yaro ɗan wasa na zamanin da, kuma duk da ita Gary Coleman sai da ya je kotu.

Ya rasu ranar 28 ga Mayu 2010 a jihar Utah, bayan ya faɗi a gida jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Shekararsa 42. Dana Plato, wadda ta fito a 'yar Mista Drummond, ta riga shi tun 1999, Conrad Bain ya bi a 2013. Cikin su huɗun, Todd Bridges ne kaɗai ya rage, wato Willis.