Motar da Ke Bayan Kakana a Hoto

Bayan rasuwar kakarmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, aka buɗe adakarta. A ƙarƙashin zannuwa muka tarar da hotuna marasa kala, babu kwanan wata a bayan ko ɗaya. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na kakana, yana saurayi, ya dafa hancin wata mota mai bodin katako a tashar Kejetia. Na ƙudura sai na gano motar da zamanin da aka ɗauki hoton.

Sati biyu na yi ina kwatanta bodin da hotunan wasu motoci, ban tsinana komai ba. Ashe a wancan zamani inji da shasi da hanci kawai ke zuwa daga Turai, kafintocin gida ne ke ɗora katako da bencina, kowa da irin hannunsa. Sai na koma kan hancin. Da na ɗauki hoton da waya na buɗa shi, na hango tambari a goshinta, wata dabba mai fukafukai riƙe da tuta. Tambarin Bedford ke nan, ta Ingila.

Sitiyarin ne ya ruɗe ni. A hagu na gan shi, Ghana kuwa sai ranar 4 ga Agusta 1974 ta koma tuƙi a hannun dama. Na yanke cewa bayan wannan shekarar aka ɗauka. Inna ta ce sam, a lokacin mahaifinta ya riga ya yi furfura.

Na kai hoton Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen wani dattijon bakanike, abokin kawuna. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, karanta mini rubutun da ke saman gilashi."

"Baba, ya dushe, ba ya karantuwa."

Ya sa yaronsa ya kawo madubin gefen mota, ya kara hoton. Nan take haruffan suka miƙe: ALLAH NA NAN. Mai wankin hoton ne ya kifa fim ɗin, komai ya juya. Sitiyarin a dama yake. Daga fasalin bonet da mazaunin fitilu ya ce samfurin J ce, wadda aka fara ƙerawa a 1958. Ya gargaɗe ni kuma kada in dogara da sitiyari shi kaɗai, don motoci masu sitiyari a dama sun ci gaba da aiki bayan canjin. Abin da mota ke iya faɗa maka, in ji shi, shi ne hoto bai girmi shekarar da aka fara ƙera ta ba.

 

Da na koma gida na karanta wa Inna rubutun, sai ta yi shiru, hawaye ya zubo mata. Ta ce motar ce kakana yake bi da goro zuwa Tamale ta Mampong da Atebubu, a tsallaka kogin Volta a Yeji, tun yana yaron mota. Na ɗauko fensir na rubuta duk abin da ta faɗa a bayan hoton.